Jan Biron Malam Lawan

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Babi na uku na kundin digirin 'yata Muhsina ya iso. Ƙanwata Yagana ta je shagon kwamfuta ta bugo mini shi, shafi arba'in da shida. Na fito da shi tsakar gida da hantsi, na kusanto, na nisanta, na karkata. Layuka dai nake gani kamar sahun tururuwa, babu harafi ɗaya da ya tsaya mini.

Ni Muhammadu Lawan, shekara talatin da biyar ina koyar da Fiziks a garin nan, har yara suka sa mini suna Jan Biro. Tun 'yar nan tana aji ɗaya babu takardar da ta taɓa miƙawa sai ta bi ta hannuna. Yanzu tana Afirka ta Kudu tana nazarin sararin sama, amma al'adar tana nan: ta turo babi, in ja layi ƙarƙashin abin da bai gamsar da ni ba, in ɗora alamar tambaya, a ɗauki hoto a mayar mata. Alamar daidai kuwa, 'yar ƙugiyar nan da malamai ke yi, ban taɓa yi wa kowa ba. Abin da ya yi daidai ai ba ya buƙatar a yi masa tafi.

Wannan rubutun ma da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, nake yin sa a cikin tsohuwar rajistar makaranta, layi shida shafi ya cika. Yanar ido ce ta rufe mini idanun biyu, na sani. Muhsina ba za ta ji ba. Da mahaifiyarta Yelwa ta kwanta jinyar ajali, yarinyar nan ta ajiye karatu shekara guda cur ta dawo gida. Ƙarshen Yuli za ta miƙa kundi. Ba za ta sake ajiye komai saboda gidan nan ba.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na tsiyaya shayi a gefen kofi. Yagana ta zo ta goge tabarma. Ƙanwata ce, amma tun da ta dawo gidan nan da zama take kallona kamar ita ta haife ni. Na ce mata idan Muhsina ta ji wani abu, to daga bakinta ne. Ta ce, "Yaya, ni me na gani da zan faɗa?"

Asabar, 27 ga Afrilu

Dabara ta samu. Dung zai karanta mini.

Tare muka yi koyarwa, shi Lissafi ni Fiziks, kuma shekara arba'in ke nan yana cin amanata a dara ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana. Mutumin Jos ne, amma unguwarmu Hausari ta riga ta cinye shi. A makaranta Baba Mai Kyauta ake ce masa, domin yaro ko sunansa kaɗai ya rubuta sai ya tashi da wani abu.

Ya gyara gilashi ya fara, yana tuntuɓe da kalmomi, ni kuma na lumshe ido ina saurare. Abin da na ɗauka shi ne wannan. Akwai wani gungun taurari can da nisa, wanda haskensa ya yi miliyoyin shekaru a hanya kafin ya iso mu. A tsakiyarsa akwai baƙin rami, abu mai nauyin da ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. Ba a ganin sa. To yaya za a auna nauyin abin da ba a gani? Sai a dubi iskar gas mai sanyi da ke kewaya shi. Gwargwadon saurinta, gwargwadon ƙarfin abin da ke jan ta.

Dung ya tsaya ya ce, "Malam, wannan ba shi ne dutsenka da zare ba?"

Shi ne mana. Kowace shekara sai na ɗaure dutse da zare na wulwula shi a gaban 'yan aji huɗu, in ce wanda ya fi saurin juyawa shi ya fi jan hannu. Sau biyu zaren ya tsinke, sau ɗaya gilashin taga ya tafi. Muhsina tana 'yar shekara bakwai ta gwada a tsakar gida ta fasa wa Yelwa tulu. Uwar ta yi faɗa, ni na juya baya don kada a ga ina dariya.

Shafi tara muka yi kafin makogwaronsa ya bushe.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Kiran Lahadi bayan la'asar. Na ce ta kashe bidiyo, sabis ba kyau. Ƙarya ce. Ba na son ta ga ina neman fuskarta a cikin waya.

Na tambaye ta me ya sa ake kiran irin wannan gungu na rediyo, ko can ma akwai masu gaishe-gaishe ne. Ta yi dariya irin ta uwarta. Ta ce abin da ke gangarawa ramin ba duka yake faɗawa ba, wani ana feso shi waje ta gefe biyu, feshi mai tsawon da ya wuce gungun kansa, kuma igiyar rediyo yake fitarwa, ita ake kamawa da manyan farantai a sahara. "Baba, ramin shiru yake, amma abin da ke gefensa ba ya iya shiru."

Ta ce yaushe zan dawo da babin. Na ce ina tafe, ba na duba aiki da gaggawa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na kusa hawa kan akuya a kwanar masallaci. Na shigar da babur zaure na rufe shi da buhu. Idan an tambaya, mai ya yi tsada.

Talata, 7 ga Mayu

Mun gama babin. Ni ke faɗa, Dung ke riƙe da jan biro. Na gargaɗe shi sau uku: layi a ƙasa, alamar tambaya a gefe, shi ke nan, kada ya rubuta ko kalma ɗaya. Ya ce, "Haba Malam, kamar yau na fara makin takardun yara?"

Na kama ta a wuri bakwai, da kunne kawai. Mafi girma, ta faɗi nauyin ramin ba ta nuna yadda ta cire nauyin taurarin da ke kusa da shi ba, alhali su ma suna jan iskar. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Yagana ta ɗauki hotunan ta tura.

Juma'a, 10 ga Mayu

Dung ya dame ni da maganar asibiti. Wai matarsa Mnena an yi mata bara, minti ashirin, washegari tana zura zare a allura. Na ce a kai kasuwa.

Ga abin da ban gaya masa ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na riƙe wa yayanmu Mahdi hannu a rumfar wani mai maganin ido, irin masu yawo kasuwa-kasuwa, ranar Laraba ana ta hayaniyar shanu. Ya soka masa wani siririn ƙarfe ya tura yanar ciki. Yaya ya yi ihu yana cewa yana gani, yana gani. Kwana tara idon ya kumbura, daga nan bai sake ganin komai ba har ya koma ga Allah. Ni ne na ja masa sanda shekara huɗu.

Na san wancan daban, asibiti daban. Ni na koyar da darasin ido da madubi, ni na zana shi a allo ba sau ɗari ba. Kaina ya sani, cikina ne bai yarda ba. Tsoro nake ji, kuma kunyar tsoron ta fi tsoron.

Laraba, 15 ga Mayu

Shafi na arba'in da ɗaya yana da hoto, wanda muka tsallake lokacin karatu. Na roƙi Dung ya kwatanta mini. Ya ce kamar faifai ne a ɗan kwance, rabi ja rabi shuɗi. Shuɗin iskar da ke tahowa wajenmu ce, jan wadda ke tafiya, haka ake gane faifan juyawa yake. Can tsakiya launin ya fi kauri, nan ne gudun ya fi yawa. "Ramin fa?" na ce. Ya ce babu komai a wurin, takarda ce kawai.

Bayan ya tafi na ɗauki shafin na kai shi har hanci. Tabo nake gani, toka-toka, kamar inda mai ya ɗiga a riga. Shekara uku 'yata tana kallon wannan abu, ni kuma ban san kamanninsa ba. Na daɗe zaune har Yagana ta zo ta ɗauke kwanon da ban taɓa ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ta yi kira, ta gaishe ni, ta yi godiyar gyara. Muryarta wata iri. Ta tambayi babur, ta tambayi wa ke raka ni Juma'a, ta ce in ba ta Gwaggo Yagana. Sun yi minti biyu, Yagana ba ta wuce "lafiya ƙalau" ba. Na yaba mata a raina.

Lahadi, 26 ga Mayu

Asiri ya tonu.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Baba, tun yaushe ba ka gani?"

Na ce wane irin zance ne wannan. Ta ce in bari ta gama, kamar yadda na koya mata, hujja tukuna. Sai ta jero. Tun Janairu na daina rubuta mata saƙo, sai na murya. Bidiyo kullum sabis ba kyau, amma murya garau. Babur ya shiga zaure. Gwaggo da ke zuwa Fika kowane wata wajen jikokinta, wata huɗu ba ta taka ko tasha ba. Baba Dung da ke zuwa dara ranar Asabar kaɗai, yanzu kullum tana jin tarinsa a bayan wayata.

"Sannan babin da ka dawo mini da shi. Baba, alamar daidai goma sha tara na ƙirga a gefen shafuka."

Dung! Hannunsa ne ya yi halinsa, duk inda sakin layi ya yi masa daɗi sai ya ɗan ƙugiya, ni kuma ina zaune kusa da shi kamar turmi.

Ta ce da ta gani sai da ta yi murna minti ɗaya, ta ce yau Baba ya yaba. Sai kuma ta tuna ban taɓa yi wa kowa wannan alama ba. "Aikina ke nan fa, Baba. Ba sai na ga abu ba. In na ga kowa a gidan yana kewaya wuri ɗaya, kuma na kusa ya fi gudu, na san akwai abu mai nauyi a tsakiya."

Tana kuka take faɗa. Na ce yanar ido ce kawai, ta tsufa, kada ta kuskura ta motsa daga inda take. Ta ce ba za ta miƙa kundin da ban karanta da idona ba. Ko in je a yi mini aiki, ko ta nemi a ɗage mata shekara ta zo ta kai ni da kanta. Na ce ba ta isa ta kafa mini sharaɗi ba, ni na haife ta. Ta ce, "To Baba," irin "to" ɗin uwarta, wanda ba ya nufin to.

Ni na fara kashe waya.

Litinin, 27 ga Mayu

Na wanke Dung tas. Ya ce shi bai ma san ya yi ba. Ya ce, "Yarinya ya yi ƙoƙari, hannuna ya tafi da kansa." Na ce shi ya sa ɗalibansa ba su iya raba goma gida biyu ba. Ya kwashe 'ya'yan dararsa ya tafi.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ba dara, ba karatu. Zafi kamar a gasa mutum.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba. Na zauna kusa da wayar ne kawai don nan ne iska ke shigowa.

Laraba, 5 ga Yuni

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Yagana ta kawo kunu ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce Muhsina ta kira ta jiya, ta riga ta karɓo takardar neman ɗage shekara, ranar Litinin za ta kai wa malamarta.

Na fara faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, jikata ta yi haƙori ta fara tafiya ban gani ba. Ban yi ƙorafi ba. Kullum kafin ka tashi sai na kawar da kujeru daga hanyarka, na cika maka buta na ajiye inda hannunka zai same ta. Kai kana zaton kana ɓoyewa. Mu ne muke ɓoye maka."

Ban san da maganar kujeru ba. Ni da nake yabon kaina cewa na haddace gidan.

Na yi ta juya abin har azahar. Duk wannan ɓoyo don kada yarinya ta ajiye karatu na yi shi, ga shi kuma shi ne zai sa ta ajiye. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan lissafi da na ja masa layi biyu.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na sa Yagana ta raka ni gidan Dung. Mnena ta ba mu ruwa. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na ce ina ne wurin nan da aka yi wa maiɗakinsa. Ya ce, "Bari in sa takalmi."

Da yamma na aika wa Muhsina saƙon murya, na ce ta yaga takardar nan, zan je su duba kawai, dubawa ba aiki ba ce.

Litinin, 10 ga Yuni

Asibitin ido. Likitan ya haska mini fitila, sai ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba ko? Abdulbaƙi ne, wanda ka ba biyu bisa ashirin a darasin haske."

Innalillahi. Na ce a raina yau kuma hannun wa na faɗo. Dung yana gefe yana dariya har da tari. Abdulbaƙi ya ce biyun nan ce ta hana shi barci har ya iya darasin. Ya ɗauko takarda ya fara zana mini ido yana bayani, sai ya tuna ba na gani, ya kama hannuna ya zana a tafina da yatsa. Za a cire madubin cikin idon da ya dushe a sa sabo, ba tura shi ciki za a yi ba. Na ba shi labarin Yaya Mahdi, karo na farko da na faɗa wa wani da bakina. Bai yi dariya ba. Ya ce har yanzu ana kawo masa irinsu.

Ya sa ranar 25, bayan Babbar Sallah. Idon dama tukuna.

Litinin, 24 ga Yuni

Gobe. Na yi aski, ban san dalili ba. Muhsina ta kira ta ce tana tare da ni. Na ce ta koma kan babi na huɗu, kada ta fake da ni.

Yelwa, da kina nan da kin yi mini dariya.

Laraba, 26 ga Yuni

An cire bandeji da safe. Abin da na fara gani rigar ma'aikaciyar jinya ce, shuɗiya, shuɗin da na manta akwai irinsa a duniya. Na biyu Yagana. Ashe ta yi furfura haka. Na dube ta har ta tsargu ta ja mayafi. Na uku Dung, wanda babu abin da aikin ido zai gyara masa.

A gida na ga bangon ɗakina ya yi datti, na ga sawun yatsuna a jere a jikinsa daga ƙofa har gado. An hana ni karatu da sunkuyo sai an gwada mini gilashi. Wannan ma a sace nake rubutawa.

Lahadi, 30 ga Yuni

Na ce ta kunna bidiyo, sabis ya gyaru. Ta rame. Goshin uwarta sak. Muka yi ta kallon juna kamar marasa aikin yi, sai na ce ta riƙa cin abinci.

Talata, 16 ga Yuli

Gilashi ya samu. Ban bi ta kan komai ba sai shafi na arba'in da ɗaya.

Ga shi nan, rabi ja rabi shuɗi, gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe, inda ta ce feshin nan ya ture iskar. A tsakiya launukan biyu sun matse juna sun yi kauri. Tsakaninsu babu abin gani, amma a nan ne ta ce akwai nauyin rana miliyan ɗari bakwai. Yarinyar da ta fasa tulu a tsakar gidan nan. Ruwa ya zubo mini, idon ne bai gama warkewa ba.

Sai na ga ƙugiyoyin Dung a gefe, manya-manya, karkatattu. Ko makaho zai gan su, in ban da ni.

Litinin, 22 ga Yuli

Na gama kundin duka, babi biyar, da idona da hannuna. Sabon jan biro na saya, wancan Dung ya lalata masa baki. Layi ashirin da uku, alamar tambaya goma sha ɗaya. Ta gyara maganar nauyin taurari, ta gyara ta da kyau. Babi na huɗu akwai shafi shida da ban gane ba ko kaɗan, na rubuta a gefe ta yi mini bayani ranar Lahadi, a hankali.

Yagana ta tafi Fika da safe, sai Juma'a. Dung ne ya ɗauki hotunan zai tura. Da ya zo shafin ƙarshe ya tsaya, ya cire gilashi ya goge ya mayar, ya ce, "Malam, wannan fa ba ni na yi ba."

Na ce ya tura kawai, surutu ya yi yawa. Ƙugiyar 'yar ƙarama ce, can ƙasa wajen kusurwa. Sabon biro ne, dole a gwada shi a wani wuri.